Lissafin da Ke Bayan Ƙararrawar Bakin Iyaka: Yadda Ƙididdiga Ke Farautar Sinadarin Nukiliya a Cikin Kaya

A manyan tasoshin jiragen ruwa da mashigan kan iyaka na ƙasashe da dama akwai wasu ginshiƙai biyu da ake kafawa a gefen hanya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, waɗanda duk motar da ta ɗauko kwantena take ratsawa ta tsakaninsu a hankali, yawanci da gudun da bai wuce kilomita 8 a awa ba. A cikin ginshiƙan akwai falankan wata roba ta musamman mai ƙyasta ɗan haske duk lokacin da ƙwayar hasken gama ta bugi jikinta, akwai kuma wasu bututu masu jin ƙwayoyin niyutiron. Gama da niyutiron nau'o'in tiriri ne da ido ba ya gani, waɗanda sinadaran nukiliya suke fitarwa. Mutane da yawa suna zaton na'urar tana leƙa cikin kayan ne, alhali aikinta bai wuce ƙirga ba, wato ƙwaya nawa ce ta buge ta a ɗan lokacin da motar take wucewa. Duk abin da ya biyo baya, a saki mota ko a tsare ta, hukunci ne da ake yankewa a kan wannan adadi, kuma ilimin ƙididdiga ne yake yanke shi.

Wahalar farko ita ce na'urar ba ta taɓa yin shiru. Ko babu mota a gabanta tana ƙirga dubban ƙwayoyi a kowace daƙiƙa, domin ƙasa da kankare da kwalta suna ɗauke da ɗan yuraniyom da toriyom da fotashiyom na halitta, sannan ga haskokin da ke saukowa daga sararin samaniya dare da rana. Wannan tiriri na muhalli kuma ba ya zuwa a kan adadi ɗaya, yana hawa yana sauka daga daƙiƙa zuwa daƙiƙa, domin babu wanda ya san lokacin da kowace ƙwayar zarra za ta rushe. Sa'ar da aka yi ita ce wannan hawa da sauka yana da ƙa'ida, wadda take ɗauke da sunan masanin lissafi Bafaranshe Siméon Poisson da ya bayyana ta a 1837, kuma a 1910 masana kimiyya Rutherford da Geiger suka nuna cewa ƙirgar tiririn nukiliya tana bin ta. Ƙa'idar ta ce gwargwadon kaucewar da ƙirga takan yi daga matsakaicinta shi ne tushen wannan matsakaici, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da shi. A ce matsakaicin ƙirgar muhalli 10,000 ne a daƙiƙa, to kaucewar da aka saba gani ita ce 100. Ganin 10,080 ba abin tada hankali ba ne, amma ganin 10,600 yana neman bayani.

Daga nan ne ake shata haddi, wato adadin da idan ƙirga ta haura shi ƙararrawa za ta kaɗa. Idan aka sa haddin a ninki uku na kaucewar da aka saba, wato 10,300 a misalinmu, katari kawai zai sa a haura shi kusan sau ɗaya a cikin gwaji 740, ko da babu komai a motar. Idan aka ɗaga shi zuwa ninki huɗu, hakan zai koma kusan sau ɗaya a cikin 31,000. Sai dai duk ɗagawar da aka yi wa haddi domin rage ƙararrawar banza, ta kuma buɗe ƙofa ga kayan da tiririnsu bai kai can ba. Kuskure iri biyu ne a nan, tsare marar laifi da sakin mai laifi, kuma da na'ura ɗaya a lokaci ɗaya ba a rage ɗaya sai ɗayan ya ƙaru. Jerzy Neyman da Egon Pearson ne suka tsara wannan tunani a 1933, inda suka nuna cewa idan aka ƙayyade yawan kuskuren farko da za a iya jurewa, akwai hanyar gwaji da ta fi kowace rage na biyu. A 1968 kuma Lloyd Currie ya ɗauko tunanin ya ɗora shi a kan awon tiriri, ya bambanta haddin yanke hukunci da mafi ƙarancin tiririn da za a iya dogara cewa na'ura za ta kama. Na biyun ya kai kusan ninki biyu na na farkon, domin abin da tiririnsa ya tsaya daidai kan haddi rabin lokaci kawai zai kaɗa ƙararrawa, rabin lokaci kuwa katari zai sauko da shi ƙasa ya wuce salin-alin.

Akwai wani tarko da wanda bai saba da lissafin ba yakan faɗa. Na'urar ba sau ɗaya take duba mota ba, tana yanka lokacin wucewarta gunduwa-gunduwa tana gwada kowane yanki, domin ƙaramin abu da aka ɓoye a wani lungu na kwantena mai tsawon mita 12 zai nutse idan aka haɗa ƙirgar motar gaba ɗaya. Amma idan aka yi gwaji 20 masu zaman kansu a kan mota ɗaya da haddin ninki uku, yiwuwar ƙararrawar banza ta tashi daga ɗaya cikin 740 zuwa kusan ɗaya cikin 37. Dole ke nan a ɗaga haddin gwargwadon yawan dubawa, wanda hakan ya sake cinye wani ɓangare na ribar da yankawar ta kawo.

Maganin da ya fi kowane sauƙi a takarda shi ne ƙarin lokaci. Tiririn abin da ake nema yana taruwa daidai da tsawon lokacin awo, ita kuwa kaucewar muhalli da tushen lokacin kawai take ƙaruwa, saboda haka duk wanda yake son na'ura ta ji abin da ya kai rabin wanda take ji yanzu sai ya ninka lokacin awo sau huɗu. A tashar da dubban motoci suke bi kullum, ninka lokaci sau huɗu yana nufin layin da zai toshe hanya da kuma kayan da za su lalace suna jira. A nan ne dabarar Abraham Wald take da amfani. Wald ya ƙirƙiro ta ne a Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu domin gwajin ingancin kayan soja, aka buga ta a 1945. Maimakon a ƙayyade lokacin awo tun farko, ana tara hujja ne daƙiƙa bayan daƙiƙa, ana auna wanne ya fi dacewa da ƙirgar da aka gani, muhalli kaɗai ko muhalli da ƙarin wani abu. Idan ma'aunin ya rinjaya sosai gefe ɗaya sai a tsaya a yanke hukunci, idan kuwa yana tsaka-tsaki sai a ci gaba da ƙirga. Motar da babu shakka a kanta tana wucewa da wuri, lokacin da aka rage sai a kashe shi a kan wadda ta rikita lissafi, kuma a matsakaici hanyar tana iya rage yawan awon da ake buƙata da kusan rabi ba tare da ƙara kuskure ba.

Duk wannan lissafi ya ginu ne a kan zaton cewa an san matsakaicin muhalli, kuma zaton yana da rauni. Idan aka yi ruwan sama, ruwan yakan wanko wasu sinadarai da iskar radon take haifarwa a sararin sama ya zubo da su ƙasa, sai ƙirgar muhalli ta tashi na wasu sa'o'i. Wannan da sauƙi, domin na'ura tana sabunta matsakaicinta a duk lokacin da babu mota a gabanta. Abin da ya fi wuya shi ne ita kanta motar tana kare na'urar daga tiririn ƙasa, ta yadda da zarar kwantena mai nauyi ta shiga tsakanin ginshiƙan ƙirgar takan faɗi da kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari. A koma ga misalinmu: faɗuwar kashi 10 na 10,000 ƙwaya 1,000 ce, wato ninki goma na kaucewar da aka gina haddi a kanta. Abin da ke fitar da ƙwaya 900 a daƙiƙa, wanda a fili zai kaɗa ƙararrawa nan take, yana iya zama cikin wannan rami ba tare da jimillar ta ko koma matsakaicinta na farko ba. Saboda haka masu tsara lissafin suka koma nazarin siffar ƙirgar daga kan mota zuwa wutsiyarta, suna hasashen irin ramin da mota mai wannan girma ya kamata ta yi, sannan su nemi ɗan tudun da ya ɓullo a inda bai kamata ba.

Amma ba a nan gizo yake saƙa ba. Mafi yawan ƙararrawar da ake ji a bakin iyaka na'ura ba ta yi kuskure a kansu ba, domin da gaske akwai tiriri a motar, sai dai daga halastattun kaya yake fitowa. Takin zamani mai fotash da ayaba suna ɗauke da fotashiyom-40, tayil da tangaran da dutsen giranit suna ɗauke da yuraniyom da toriyom na halitta, kuma direban da aka yi wa hoton asibiti da sinadarin teknetiyom kwana ɗaya ko biyu da suka wuce yana iya kaɗa ƙararrawa da jikinsa. Ɗaga haddi daga ninki uku zuwa huɗu ba ya maganin waɗannan, tunda tiririnsu yakan zarce haddin nesa ba kusa ba.

Idan aka haɗa wannan da ƙarancin abin da ake nema, sai a ga girman matsalar ta hanyar ƙa'idar Thomas Bayes, wadda aka buga a 1763 bayan rasuwarsa. A ƙaddara, domin misali kawai, cewa kwantena ɗaya cikin miliyan ɗaya ce take ɗauke da haramtaccen sinadari, na'ura kuma tana kama irinta kashi 95 cikin ɗari, tana kuma kaɗawa a kan kashi 1 cikin ɗari na kayan halas. A cikin kwantena miliyan za a ji ƙararrawa kusan 10,000 a kan tayil da taki da makamantansu, a ji guda ɗaya tak a kan abin da ake nema. Jami'in kwastam da ya ji ƙararrawa yana da dalili mai ƙarfi na lissafi ya ɗauka cewa wannan ma tayil ne, kuma kusan kullum zai yi daidai. A ganina wannan shi ne haɗarin da ya fi girma a tsarin gaba ɗaya, domin mutumin da ya buɗe kwantena dubu bai ga komai ba, da wuya ya duba ta dubu da ɗaya da irin natsuwar da ya duba ta farko. Rage ƙararrawar kayan halas, ke nan, aikin tsaro ne kai tsaye, ko da yake sau da yawa ana kallonsa a matsayin sassauci ga 'yan kasuwa.

Hanyar rage ta ita ce a dubi ƙarfin kowace ƙwaya tare da yawansu. Kowane sinadari yana fitar da hasken gama mai ƙarfi na musamman, wanda ake aunawa da ma'aunin keV: fotashiyom-40 yana fitarwa a 1461, sisiyom-137 a 662, kobalt-60 a 1173 da 1332, yuraniyom-235 a 186, fulutoniyom-239 kuma a wajen 375 da 414. Falankan roba ba su iya tantance waɗannan dalla-dalla, amma suna iya raba ƙirga zuwa mai ƙaramin ƙarfi da mai babban ƙarfi. Tunda tiririn taki da tayil yana kama da na muhalli a wannan rabo, sinadaran makami kuwa, wato yuraniyom-235 da fulutoniyom-239, sun fi karkata ga ƙaramin ƙarfi, sai a riƙa gwada rabon da ke tsakanin ɓangarorin maimakon jimilla. Dabarar tana da wata riba ta gefe, domin ramin da mota take yi yana rage dukkan ɓangarorin kusan daidai da juna, saboda haka bai cika taɓa rabon ba. Motar da ta kaɗa duk da haka sai a kai ta gefe a bi ta da na'urar hannu mai tantance sinadari, a kuma gwada abin da aka gani da takardar kayan, domin fotashiyom a motar da ta ce taki ta ɗauko ba daidai yake da fotashiyom a motar da ta ce tufafi ne a ciki ba.

An yi ƙoƙarin mayar da wannan tantancewa cikin ginshiƙan kansu. Amurka ta kashe maƙudan kuɗi a kan sabon samfurin na'ura mai amfani da lu'ulu'un sodiyom ayodaid, amma ta soke shirin a 2011 bayan ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin ƙasar da kuma kwamitin masana sun yi ta sukar yadda aka gwada na'urorin. Wannan ya tono wata matsala ta ƙididdiga da ba a cika magana a kanta ba, wato yadda za a tabbatar cewa na'ura tana aiki. Domin a ce da tabbacin kashi 95 cikin ɗari na'ura tana kama wani abu aƙalla kashi 95 na lokuta, sai an wuce da abin ta gabanta sau 59 ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Wannan kuma ga sinadari ɗaya ne, a cikin kaya iri ɗaya, da kariya iri ɗaya, a wuri ɗaya a cikin kwantena. Haka matsalar take bin sababbin manhajojin kwamfuta masu koyo daga bayanai, domin bayanan kayan halas sun kai miliyoyi, na haramtattun kuwa kusan babu, sai dai a ƙirƙira su a kwamfuta a cusa cikin na gaske. Abin da manhaja ta koya ta wannan hanya shi ne irin ɓoyon da mai ƙirƙirar ya yi tunaninsa.

Niyutiron ya fi sauƙin sha'ani, tunda kayan halas masu fitar da shi kaɗan ne ƙwarai, fulutoniyom kuwa yana fitar da shi da kansa saboda fulutoniyom-240 da ke gauraye a ciki. Sai dai ƙirgar muhallinsa 'yar kaɗan ce, kuma a ƙananan lambobi lissafin ninkin kaucewa yana yaudara. Idan matsakaici 2 ne, lissafin ninki zai ce ganin 8 ko fiye abu ne na sau ɗaya cikin kusan 90,000, alhali ainihin ƙa'idar Poisson ta ce sau ɗaya ne cikin kusan 900. Ga kuma kaya masu tarin ƙarfe ko dalma, waɗanda haskokin sararin samaniya suke bugawa su fitar da niyutiron nasu. Tun wajen 2008 ma iskar hiliyom-3 da ake cika bututun jin niyutiron da ita ta yi ƙaranci a duniya, aka koma neman madadi a boron-10 da litiyom-6.

Inda lissafi yake tsayawa cik shi ne a kan yuraniyom da aka tace sosai. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya tana ɗaukar kilo 8 na fulutoniyom, ko kilo 25 na yuraniyom-235 a cikin yuraniyom da aka tace zuwa kashi 20 ko fiye, a matsayin adadin da ba za a kore yiwuwar haɗa makami da shi ba. Wannan yuraniyom kusan ba ya fitar da niyutiron, haskensa na 186 kuma mai rauni ne, shi kansa curin ƙarfen yana shanye mafi yawansa, ragowar kuma dalma mai kaurin milimita kaɗan ta isa ta tare shi. Nisa ma yana taimakon mai ɓoyo, domin ninka tazara sau biyu yana rage tiriri zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Babu dabarar ƙididdiga da za ta ƙirga ƙwayar da ba ta iso na'ura ba. Bayan haka, ƙa'idar Poisson an yi ta ne domin katari, shi kuwa ɗan fasa-ƙwauri yana da wayo da niyya, yana iya zaɓen mashigar da babu na'ura, ko ya cusa kayansa cikin lodin da aka saba jin ƙararrawa a kansa. Saboda haka ne masu nazarin wannan fanni suke ba da shawarar a riƙa zaɓen wasu kwantenoni ta hanyar ƙuri'a ana bincika su ko ba su kaɗa ba, domin duk tsarin zaɓen da za a iya hasashensa ana iya kauce masa. Saboda haka ne kuma ake haɗa ƙirgar tiriri da hoton cikin kaya mai nuna abu mai nauyin gaske, ko da hanyar da masana a cibiyar binciken nukiliya ta Los Alamos a Amurka suka gabatar a 2003, wadda take bin sawun ƙwayoyin muwon masu saukowa daga sama, kusan 10,000 a kan kowace murabba'in mita a minti ɗaya, tana auna yadda yuraniyom ko dalma suke karkatar da su. Ita ma wannan ƙididdiga ce tsagwaronta, kuma ita ma lokaci take ci.

Tarihin kamun da aka yi yana nuna inda na'urorin suke da ƙarfi da inda ba su da shi. Rumbun bayanan da hukumar ta duniya ta kafa a 1995 ya tattara rahotanni sama da 4,000 tun daga 1993, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka shafi sinadarin da za a iya yin makami da shi. Manyan kamun da aka sani, kamar fulutoniyom sama da giram 300 da aka kama a filin jirgin saman Munich na Jamus a 1994, da yuraniyom kilo 2.7 a birnin Prague na ƙasar Czech a ƙarshen shekarar, da wanda aka kama a ƙasar Jojiya a 2006, sun samu ne ta hanyar bayanan sirri da tarkon jami'an tsaro. Abin da na'urori suka fi kamawa shi ne sinadaran asibiti da na masana'antu da suka ɓace cikin tsofaffin ƙarafa. A Janairun 1984 wata mota ɗauke da rodi ta yi ɓatan hanya ta bi ta gaban na'urar cibiyar Los Alamos, da haka aka gano cewa an narkar da kobalt-60 na wata na'urar asibiti daga birnin Ciudad Juárez na Meziko cikin dubban tan na ƙarfe. A 2010 ma an gano kobalt-60 cikin wata kwantenar tsofaffin ƙarafa a tashar Genoa ta Italiya, ta kuma shafe kusan shekara a killace kafin a fitar da shi.

Wannan amfani ne na gaske, sai dai bai kamata a ɗauke shi a matsayin hujjar cewa an toshe hanyar makami ba, haka kuma ƙarancin kamu ba ya nuna ko masu fasa-ƙwaurin sun ji tsoro ne sun fasa ko sun wuce ne ba a gan su ba, domin bayanan da ke hannu ba su iya raba waɗannan biyun. Majalisar dokokin Amurka ta kafa doka a 2007 cewa daga Yulin 2012 duk kwantenar da za ta shiga ƙasar ta ruwa sai an bincika ta da na'urar tiriri da ta hoto tun a tashar da aka yi lodinta. Wa'adin ya zo ba a cika shi ba, ma'aikatar tsaron cikin gida ta ƙasar ta yi ta ɗage shi shekara biyu-biyu saboda tsada da cunkoson da zai haifar, ta ci gaba da dogara ga tace bayanan kaya domin ware kwantenonin da suka fi haɗari a yi musu cikakken bincike.